Yadda Ake Kulle Ƙofar Na'urar Sadarwa da Ake Shiga Daga Nesa

Kowa a Damargu ya san darajar kwaɗo. Idan mutanen gari suka gina rumbun tsimi suka zuba gero, ba su barin ƙofar a buɗe. Sukan sa kwaɗo mai ƙarfi, su zaɓi amintattun mutane su riƙe mabuɗi, kuma su rubuta duk buhun da ya shiga da wanda ya fita. Wannan darasi yana magana ne a kan wata ƙofa dabam wadda ido ba ya ganin ta, amma ɓarawo yana iya shigowa ta cikinta ko da yana zaune a wata ƙasa. Ita ce ƙofar na'urar da ke haɗa kwamfutocin asibiti, ko na makaranta, ko na ofis.

Wataƙila ku ce: "Mu da muke koyon karatu da rubutu, ina ruwanmu da aikin masana?" Da ruwanku. Sunayenku da na ƴaƴanku, da lissafin magani, da jerin waɗanda za su karɓi taimako, yawancinsu yanzu cikin kwamfuta ake ajiye su. Kuma da yawa daga cikinku kuna cikin kwamitin asibiti, ko na makaranta, ko na ƙungiyar mata. Ba ku za ku saita na'urar da hannunku ba, amma ku za a bar wa tsaronta idan ma'aikacin da ya kafa ta ya hau mota ya tafi. Wanda ya san yadda ake kulle ƙofa, shi ya san abin da zai tambaya.

Mece ce na'urar rarraba sadarwa?

Idan kuka shiga ofishin da ke da kwamfutoci da yawa, a Belbeji ko Tanut ko Damagaram, ku duba jikin bango ko cikin wani ƙaramin kabad na ƙarfe. Sau da yawa za ku ga wani akwati mai faɗi, maras tsawo, da ƙananan fitilu suna ƙyaftawa a gabansa. A jikinsa akwai kafofi a jere, wani 8, wani 24, wani 48. Kowace kafa ana soka mata waya, kowace waya kuma tana zuwa ga kwamfuta guda, ko injin buga takarda, ko na'urar da ke ba da wifi. Masu wannan sana'a suna kiran akwatin suwic.

Aikinsa kamar na ɗan kamasho ne a tashar mota. Idan saƙo ya zo, ɗan kamasho yakan duba sunan wanda aka aiko wa, ya sa shi a motar da ta dace. Haka suwic yake yi. Kowace kwamfuta tana da lambarta. Suwic yana gane wace lamba ce ke kan wace kafa, sai ya miƙa kowane saƙo ga mai shi. Ke nan duk abin da kwamfutocin gidan suke aika wa juna, ta cikinsa yake bi.

Suwic iri biyu ne. Akwai ƙarami wanda ba a saita shi, sai dai a soka waya ya kama aiki. Akwai kuma babba wanda ma'aikaci yake shiga cikinsa ya ba shi umarni: buɗe wannan kafa, rufe waccan, raba kwamfutocin likita da na baƙi. A kan wannan na biyu muke magana. Wanda ya samu shiga cikinsa yana iya tsai da aikin gidan gaba ɗaya, yana iya kuma sa shi ya riƙa kwafe masa saƙonnin da ke wucewa.

Me ya sa ake shiga daga nesa?

Dalili shi ne nisa. Daga Damagaram zuwa Tanut kusan kilomita 150 ne. Belbeji, babban garin ƙaramar hukumar Tarka, wanda ya zama gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011, yana yamma da Tanut, kuma ƙauyukan Tarka da yawa sai an bi rairayi kafin a kai gare su. Masana wannan aiki ba su da yawa, galibinsu kuma a manyan birane suke zaune. Idan na'ura ta samu ƴar matsala, ba zai yiwu kullum a ɗauko mota a sha mai domin gyaran da bai wuce minti goma ba, balle da damina.

Saboda haka ake buɗe wa ma'aikaci hanya ya shiga na'urar daga ofishinsa, ta layin sadarwa. Yana zaune a Damagaram ko Yamai, ya rubuta sunansa da kalmar sirri, sai na'urar da ke Tarka ta amsa masa kamar yana gabanta. Wannan sauƙi ne babba. Amma hanyar da mai gyara yake bi, ita ce mai ɓarna zai nema. Tambaya ita ce: yaya za a bar mai hakki ya shiga, a hana wanda ba shi da hakki?

Hanya biyu: buɗaɗɗiyar wasiƙa da rufaffiya

Tsohuwar hanyar shiga na'ura daga nesa sunanta Telnet. An ƙirƙiro ta a Amurka a shekarar 1969, lokacin da masu amfani da irin wannan sadarwa ba su da yawa, kuma sun yarda da juna. Aibinta shi ne ba ta ɓoye komai. Sunan ma'aikaci, da kalmar sirrinsa, da umarnin da ya bayar, duk suna tafiya a fili. Kamar ka rubuta wasiƙa ka faɗi inda ka binne kuɗinka, ka ba direba ba tare da ambulan ba. Duk hannun da ta biya, mai shi yana iya karantawa.

A shekarar 1995 wasu ɓarayi suka yi kwanton ɓauna a layin sadarwar wata jami'a kusa da birnin Helsinki na ƙasar Finlan, suna tsintar kalmomin sirrin mutane yayin da suke wucewa. Wani mai bincike a jami'ar, Tatu Ylönen, ya ga wannan ɓarna, sai ya tsara sabuwar hanya ya sa mata suna SSH, ya ba duniya ita kyauta. A shekarar 2006 aka tabbatar da ingantaccen tsarinta na biyu, wanda shi ake aiki da shi yau.

SSH tana yin abu uku. Na farko, tana juya saƙo ya zama rubutun da ba mai iya karanta shi sai na'urar da aka aika wa. Ko ɓarawo ya tare shi a hanya, shirme kawai zai gani. Na biyu, tana gane idan an taɓa saƙon a hanya an sauya wani abu. Na uku, tana ba ma'aikaci shaidar cewa da na'urarsa ta gaskiya yake magana, ba da wata ta yaudara ba. Kowace na'ura tana da tambarinta, kamar tambarin da makiyaya suke yi wa raƙumi. Ranar farko ma'aikaci yana duba tambarin ya ajiye shi. Idan wata rana tambarin ya sauya, kwamfutarsa za ta gargaɗe shi, sai ya tsaya ya bincika.

Cikin na'ura kowace hanya tana da lambar ƙofarta. Ƙofar Telnet ita ce 23, ta SSH kuma 22. Ku riƙe wannan: 23 a rufe ta, 22 a buɗe ta ga mai izini kaɗai.

Abin da ya faru inda aka bar ƙofa a buɗe

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bazu a duniya. Dabararta ba ta da wuya. Tana zagaya intanet tana ƙwanƙwasa ƙofa ta 23. Inda ta tarar a buɗe, sai ta gwada sunaye da kalmomin sirri wajen 60 waɗanda masana'antu suke sa wa na'urori tun daga shago, irin su "admin" da "12345". Mutane da yawa ba su taɓa sauya su ba. Da haka ta kama dubban ɗaruruwan na'urori, yawancinsu kyamarorin tsaro da akwatunan intanet na gida, ba tare da masu su sun sani ba.

Waɗanda suka kama na'urorin sai suka mai da su runduna. A watan Nuwamba na shekarar, aka tura irin wannan runduna kan kamfanin waya na Lonestar a ƙasar Laberiya, nan Afirka ta Yamma. Na'urorin suka riƙa aika masa saƙonnin banza babu ƙaƙƙautawa har layinsa ya cushe, intanet ya riƙa yankewa a ƙasar. Wanda ya yi wannan aiki ɗan Ingila ne da aka biya shi kuɗi, kuma ba a Laberiya yake zaune ba. A watan Janairu 2019 kotu a Landan ta yanke masa ɗaurin shekara 2 da wata 8.

A watan Afrilu 2018 kuma aka kai hari kan suwic kansa. Wasu na'urorin kamfanin Cisco suna da wata ƙofar saiti daga nesa wadda ba ta tambayar kalmar sirri, ma'aikata da yawa kuma ba su rufe ta ba bayan sun gama kafawa. Masu kutse suka bi ta nan suka share saitin na'urori a ƙasashe da dama. Hukumomin Iran sun ce a ƙasarsu kaɗai abin ya shafi wajen 3,500.

Darasin a nan shi ne: ɓarawon intanet ba ya tambayar ko gari babba ne ko ƙarami. Manhajarsa ba ta san Tarka ba, ba ta san Landan ba. Ƙofa kawai take nema. A Nijar, dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta ranar 3 ga Yuli 2019 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba. Amma doka tana hukunta ɓarawo ne bayan ya yi sata. Rigakafi ya fi magani.

Matakan da ma'aikaci yake bi

Ga abin da ya kamata ma'aikaci ya yi ranar da ya zo kafa na'ura. Ku karanta a hankali, domin ku gane idan an tsallake wani mataki.

1. Ya fara saitin yana gaban na'urar. Akwai wata kafa ta musamman da ake soka waya kai tsaye daga kwamfutarsa. Ba a haɗa sabuwar na'ura da intanet sai an gama kulle ta.

2. Ya ba na'urar suna da lambar adireshi, domin a san ta a cikin sauran.

3. Ya cire kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta. Kowane ma'aikaci a ba shi sunansa da kalmarsa shi kaɗai. Idan mutum biyar suna aiki da kalma guda, ranar da aka yi ɓarna ba za a san wanda ya yi ba.

4. Ya sa na'urar ta ƙera mabuɗinta na sirri. Wannan mabuɗi doguwar lamba ce. A irin mabuɗin da ake kira RSA, masana sun ce tsawonsa kada ya gaza ma'auni 2048. Gajeren mabuɗi yana karyuwa.

5. Ya kunna SSH tsari na biyu, ya kashe Telnet, ya kuma rufe duk wata ƙofar saiti da ba a bukata. Kunna sabuwa ba tare da kashe tsohuwa ba, kamar sa kwaɗo a ƙofar gaba ne a bar ta baya a buɗe.

6. Ya rubuta wa na'urar jerin kwamfutocin da aka yarda su ƙwanƙwasa ƙofa. Wadda ba ta cikin jerin, ko amsa mata ba za a yi ba. Ya kuma raba hanyar masu gyara da hanyar sauran jama'a, ta yadda baƙon da aka ba wifi ba zai kai ga ƙofar ba.

7. Ya ƙayyade yawan gwaji. Kun san idan aka sa lambar sirrin katin waya ba daidai ba har sau 3, katin yana kullewa. Haka ake yi wa suwic, ya dakatar da mai yawan kuskure na wani lokaci. Kuma idan ma'aikaci ya shiga ya tashi ya bar kwamfutarsa, ƙofar ta rufe da kanta bayan ƴan mintuna.

8. Ya daidaita agogon na'urar, ya kunna littafinta. Na'urar tana rubuta wanda ya shiga, da ranar, da lokacin. Wannan shi ne kamar littafin magatakardan rumbun tsimi.

9. Ya adana saitin. Wannan mataki yana da muhimmanci ƙwarai a inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, ko batirin sola ke ƙarewa da dare. Na'urori da yawa suna manta duk sabon umarnin da ba a adana ba da zarar wuta ta ɗauke, su koma yadda suke a da. Ya kuma ajiye kwafin saitin a wani wuri mai tsaro.

10. Ya gwada kafin ya tafi. Ya kashe na'urar ya kunna, ya ga ko saitin yana nan. Ya kira abokin aikinsa na birni ya gwada shiga ta SSH, ya kuma tabbatar Telnet ta ƙi buɗewa. Idan bai gwada ba, yana iya kulle kansa a waje, sai an sake doguwar tafiya.

Akwai kuma hanyar da ta fi kalmar sirri ƙarfi. Ma'aikaci yana ƙera mabuɗi mai ɓangare biyu. Ɓangare ɗaya kamar kwaɗo ne, ana liƙa shi a na'urar. Ɗayan shi ne mabuɗin, yana zama cikin kwamfutarsa, ba ya bin hanya ko sau ɗaya. Abin da bai bi hanya ba, ɗan fashi ba ya tare shi.

Wace kalmar sirri ce mai ƙarfi?

Mu yi ɗan lissafi. Lamba mai gurbi 4 tana iya zama ɗaya daga cikin 10,000, wato daga 0000 zuwa 9999. Idan gurbi 6 ne, ta zama ɗaya cikin miliyan guda. Duk gurbin da aka ƙara, wahalar mai gwaji tana ninkuwa sau goma. Idan aka haɗa da haruffa, ninkin ya fi haka nesa. Mutum yana gajiya da gwaji, amma kwamfuta ba ta gajiya. Saboda haka kalmar na'ura kada ta gaza gurbi 12.

Hanya mai sauƙi ita ce a haɗa kalmomi huɗu ko biyar waɗanda ba su da dangantaka da juna, a sa lamba a tsakani. Mai ita zai iya tunawa, mai gwaji kuma zai sha wuya. Kada a sa sunan gari, ko sunan asibiti, ko shekarar haihuwa, ko lambar waya. Waɗannan su ɓarawo yake fara gwadawa. Wannan shawara ta shafi lambar sirrin asusun kuɗinku na waya ma: kada ta zama 1234, kada ta zama 0000.

Aikin da ke kanku

Duk ƙarfin saiti, idan ɗakin a buɗe yake, aikin banza ne. Wanda ya kai hannunsa ga suwic, yana da waya da ɗan sani, yana iya share kalmar sirri ya sa tasa. A nan aikinku yake.

Ku sa na'urar cikin kabad mai kwaɗo, a ɗakin da ake kullewa. Ku san mai riƙe da mabuɗi.

Kada a rubuta kalmar sirri a bango, ko a liƙa ta a jikin na'ura. Idan dole a ajiye ta saboda ranar larura, a sa ta cikin ambulan a liƙe, shugaban wurin da ɗan kwamiti guda su sa hannu a bakin, a kulle. Ranar da aka buɗe ambulan, a sauya kalmar.

Kada kowa ya soka wata waya ko wata na'ura a kafar da babu komai. Ku roƙi ma'aikaci ya kashe kafofin da ba a aiki da su.

Idan wani ya kira ta waya ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, a karanto masa kalmar sirri, kada ku ba shi. Ku kashe wayar, ku kira lambar da kuka sani tun da farko. Ma'aikacin gaskiya yana da tasa kalmar, ba ya bukatar taku.

Idan baƙo ya zo ya ce an aiko shi gyara, ku nemi takardar aikinsa, ku rubuta sunansa da ranar zuwansa a littafi. Wannan ba rashin kunya ba ne, amana ce.

Idan aka sauya wa ma'aikaci wurin aiki, ko ya bar aiki, ku tuna wa shugabanni a cire sunansa daga na'urar. Ba a barin mabuɗin rumbu a hannun wanda ya bar kwamiti, ko da mutumin kirki ne.

Tambayoyi shida kafin ma'aikaci ya tafi

Ku kwafe waɗannan a littafinku. Ku yi su cikin ladabi, ku rubuta amsar da ranar da aka ba ku ita.

1. Malam, an sauya kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita?
2. An kashe Telnet, an kunna SSH?
3. Su wane ne suke iya shiga daga nesa, kuma daga ina?
4. Idan wuta ta ɗauke ta dawo, saitin yana nan? An gwada?
5. Yaushe za a sabunta manhajar na'urar, domin toshe kafofin da aka gano daga baya?
6. Wa za mu kira idan muka ga abin da ba mu gane ba?

Ma'aikacin da ya san aikinsa zai ji daɗin waɗannan tambayoyi, domin ya samu masu taya shi tsaro. Idan aka kasa ba ku amsa, ku kai maganar gaban shugaban wurin da sauran ƴan kwamiti kafin a sa hannu a takardar karɓar aiki.

Domin tattaunawa a aji

A garinku, wa yake riƙe da mabuɗin rumbun tsimi, kuma me ake yi idan ya yi tafiya? Waɗanne ƙa'idodin rumbun ne suka dace da tsaron na'ura? Kowa ya rubuta tambayoyin nan shida da hannunsa, sannan mutum biyu su tashi, ɗaya ya zama ma'aikaci, ɗaya ya zama ɗan kwamiti, su gwada yadda za a yi su.